Kifayen Kawu Masu Azumin Litinin da Alhamis

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Kawu ya riga mu, mu muna nan muna jiran a kira.

Masu zuwa gaisuwa iri biyu na gani a zaman makokinsa. Akwai waɗanda suka shigo majalisa suka yi mana ta'aziyya, suka samu kujera suka sunkuyar da kai, aka miƙa musu gahawa da dabino. Akwai kuma waɗanda suka faro addu'a tun daga bakin ƙofa, idonsu ya faɗa kan akwatin gilashin da ke jikin bango, sai ƙarshen addu'ar ya tafi can wurin kifi. Wani malami cikin masu karantarwa a jami'a ya ce shekara da shekaru suna haɗa sahu da marigayi, bai taɓa sanin yana da teku a ɗaki ba. Wani baƙo da ya zo umara aka jawo shi gaisuwa ya tambaye ni a hankali ko ana cin su. Na ce masa duk ka haɗa su ba za su rufe bakin cokali ba. Tsohon abokin Kawu kuwa, wani tela mutumin Cadi da ke da shago a unguwar Anbariyya, nasa daban ne. Ya ja kujerarsa gaban gilashin ya zauna yana share ido da bakin gutura, ƙyallen nan da maza ke yafawa a ka.

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa a bakin kowa: yanzu wa zai kula da su? Duk wanda ya yi ta sai ya kalle ni. Ni kuma sai in kalli mukayyif, kamar yau na fara ganin injin sanyi.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Iyayensu sun taso daga ƙasar Kano da niyyar hajji, hanya ta zaunar da su a Bur Sudan, can aka haife su su biyu. Shi ya fara tsallako teku. Ya yi ƙuruciyarsa a jiragen masunta a Yanbu, daga baya ya dawo Madina ya kama aiki a wata gonar dabino a Awali, ruwa ne a hannunsa: injin rijiya, birka, wato kwamin tara ruwa, da kwatocin da ke bi gindin itatuwa. Shi ya ɗauko ni bayan na gagari malamin allo, na gagari na boko ma kafin in gama gane haruffansa. Ya damƙa ni ga wani direba, na ƙare rayuwata ina tuƙa wayit, wato tankar ruwa. Ruwa na ɗauka har furfura ta fito mini, amma abin da na sani game da shi bai wuce yana da nauyi kuma yana rinjayar mota a kwana ba.

Da gwiwoyinsa suka ƙi aiki ya bar gonar, sai zaman gida ya ishe shi. Wata rana muka tarar ya sa an kawo akwatin gilashi, tsayinsa ya kai mutum ya kwanta, an aza shi kan wani kabad a majalisa. Muka zaci kifin ado zai zuba irin na shagunan aski. Ya ce a'a, na gishiri yake so, irin waɗanda yake gani a ƙarƙashin jirgi lokacin yana saurayi. Matarsa, wadda nake kira Inna don ita ta ƙarasa rainona, ta ce mutum yana zaune a garin da ake sayen ruwan daɗi a jarka, shi kuma zai saya ya ɓata shi da gishiri.

Shekarar farko abin dariya ne, kuma na yi dariyar iya ƙarfina. Ruwan ya fara da tas, ya koma kalar shayi, daga nan ya zama kore shar. Gansakuka ta rufe gilashi, ta rufe duwatsu, ta yi gashi tana lilo kamar gemun tsoho. In na shigo sai in ce Kawu, a kawo tuwon mana tunda miyar kuka ta nuna. Ya kankare yau, jibi ta dawo. Ya kwashe ruwan duka ya zuba sabo, kifaye suka mutu, gansakuka ta dawo da ƙarfinta. Daga wannan ne ya ɗauki dokarsa ta farko, wadda na ji har na haddace: ba a canza ruwa duka, kaɗan ake ɗiba a mayar da kaɗan. Ya ce cikin duwatsun nan da soson matata akwai wasu halittu da ido ba ya gani, su ne masu cinye ƙazantar kifi, wanda ya wanke komai fes ya kori ma'aikatansa ne.

A wannan shekarar muka yi rigimar da ba mu taɓa yin irinta ba. Ni ne nake kawo masa ruwa daga wayit ɗina, kyauta, ina jin kaina mai taimako. Rannan na shigo da jarkoki, ya ce in mayar, daga yau ruwan tahliya zai riƙa amfani da shi, wanda aka tace aka sake tacewa har babu komai a cikinsa. Na tambaye shi abin da ruwana ya yi. Ya ce ruwana ne ke ciyar da gansakuka. Abin ya yi mini zafi. Na ce ruwan da rabin unguwar Ƙiblatain ke wanka da alwala da shi, shi ne kifinka ya fi ƙarfinsa? Na ce ashe kifayen nan 'yan sarauta ne ban sani ba. Na kwashi jarkokina na fita, na daina zuwa gidan. Inna ta aiko, na ce ina fama da baya.

Kawu ba ya jayayya da baki. Da ya ga shirun ya yi yawa, ya aiko a ce in zo in duba masa wani abu a taga. Na zo ina cin magani. Kwalba biyu ne a bakin tagar, inda rana ke bugawa. Ya ce wannan ruwanka ne, wannan na tahliya, gishiri ɗaya na zuba musu, kuma kowace na jefa mata ɗan dutse daga cikin akwati. Ta tahliya tana nan garau. Tawa kuwa ko kuka aka kaɗa sai haka. Na daɗe ina kallo, sannan na ce wa ya san ko ka sauya su. Ya yi dariya har da tari, ya ce a kawo mini shayi. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

A hankali ya gano kan abin. Ya ce gansakuka abu biyu take nema, haske da abinci, duk wanda ya rage mata su ba sai ya yi kokawa da ita ba. Fitilar akwatin ba ta kunnuwa sai bayan azahar, kuma ana sallar isha yake kashe ta, ko gwamna ne ya zo kallo. Tagar da ke fuskantar gilashin ya sa mata labule mai kauri. Cikin kabad ɗin ƙasa kuwa wani ƙaramin akwati ne da ruwan ke sauka cikinsa ya bi ta soso, ya wuce wani bututu mai tayar da kumfa, famfo ya sake tura shi sama. Kumfar tana taruwa a wani kofi, baƙa-baƙa, warinta kamar na kwata. Kawu yana son kofin nan fiye da yadda ya kamata mutum ya so irin wannan abu. Yakan ɗaga shi ya nuna wa baƙo ya ce dubi abin da ya fito daga ruwan da kake cewa mai tsabta. A can ƙasan kuma yana kiwon wata ciyawar teku, dunƙule guda kamar soson wanka, da 'yar fitilarta. Da gangan yake kiwonta, don ta riga gansakukar sama cinye abincin. In ta yi yawa ya yage rabi ya zubar. Na ce Kawu, ka bar noman dabino ka koma noman ƙazanta. Ya ce ƙazantar da ka san inda ka ajiye ta ba ta dame ka ba.

Mazauna akwatin ba su da yawa, kuma wannan ma doka ce. Akwai biyu masu ruwan lemo da farar ɗamara, kullum tare, yana kiran su Alhaji da Hajiya. Hajiya ta fi girma kuma ita ke korar Alhaji daga bakin raminsu na cikin duwatsu, abin da Kawu yake nuna wa Inna duk lokacin da ta shigo. Akwai ɗaya mai ruwan ɗorawa, fele-fele, yini yake yana tsinkar gansakuka a jikin duwatsu, shi ne Mai Shara. Sai katantanwa 'yan kaɗan da ke bin gilashi suna lasa, da wata 'yar ƙaguwa mai yawo da gidan aro.

Abinci sau ɗaya ne a yini, bayan la'asar, abin da yatsa biyu suka tsinko. Yana tsaye sai sun cinye, in wani ɓarɓashi ya sauka ƙasa ya ce yau ya yi almubazzaranci. Litinin da Alhamis kuwa, da yake shi yana azumi, su ma suna yi. Inna ta yi magana har ta gaji. Ta ce shi ya ɗauki niyya, su wa ya tambaye su? Ta ce ranar lahira kifayen nan za su tsaya su ba da shaida. Ya ce shi bai taɓa ganin kifin da yunwar yini ɗaya ta kashe ba, amma wanda ƙoshi ya kashe ya kwashe da hannunsa. Abin da ba su ci ba ya ruɓe, abin da suka ci ya fito, duka biyun gansakuka ce ke godiya.

Ɗaya rigimar tasu ta bangon baya ce. Gilashin gaba da na gefe kullum yana goge su da wani maganaɗisu mai ɓari biyu, ɗaya ciki ɗaya waje. Na baya kuwa ba ya taɓa shi, ya bar shi kore. Inna ta ce baƙi za su ce gidan ƙazamai ne. Ya ce wannan gonar Mai Shara ce da katantanwa, in ya share su ci me. Duk Sallah sai an yi wannan magana, duk Sallah bangon yana nan kore.

Safiyar Juma'a ce ranar aiki. Ya zuƙe kaɗan daga ruwan da tiyo yana bin yashi, ya matse soso a cikin wannan tsohon ruwan da ya ɗiba, ba a famfo ba, ya wanke kofin kumfa, ya zuba sabon ruwan da ya kwana da gishirinsa, ya auna da wani ɗan ma'auni mai allura. Sauran ranaku in ruwa ya sauka ƙasa da wani zane da ya yi a gefen gilashi, ruwan daɗi zalla yake cikawa da shi. Na ce ba ka sa gishiri ba. Ya ce ruwa ne ya tashi, gishirin yana nan, ka taɓa ganin gishiri ya bi iska? Na ce ban taɓa tsayawa na duba ba.

Yadda aka yi na san duk wannan, ni da ba na riƙe lambar wayata, shi ne abin da nake so a sani game da Kawu. Shekarar da matata ta rasu na ajiye tuƙi, na shige ɗaki. 'Ya'ya sun watse, wasu Jidda wasu Riyad. Sai in yini ban yi magana da kowa ba in ba mai baƙala ba, wato mai kantin unguwa. Kawu bai zo ya yi mini wa'azi ba. Ya buga waya ya ce gwiwarsa ta hana shi ɗaukar jarka, in riƙa biyawa shagon tahliya duk Alhamis da yamma ina kawo masa ruwa, Juma'a da safe kuma in zo in riƙe masa tiyo. Shagon nan yana kai ruwa har ƙofar gida, an rubuta a jikin motarsu da manyan baƙaƙen da ko ni ina iya karantawa. Na sani, ya san na sani. Haka na riƙa zuwa, ina ɗauko jarka ina mita, yana zaune kan kujera yana ba da umarni yana cewa hannuna nauyi gare shi kamar na mai sauke buhu. In mun gama mu karya da tamis, gurasar garin nan, da ful, wato dafaffen wake, mu tafi masallaci. Maganar matata bai taɓa tayar da ita ba sai in ni na tayar.

Rasuwarsa ba ta zo da doguwar jinya ba. Ya kwanta 'yan kwanaki, aka kai shi asibiti, bai dawo ba. An yi masa salla a Harami, aka kai shi Baƙi'a. Muka dawo gida aka jera kujeru.

A daren farko na zaman, tsakanin magariba da isha, abokinsa tela ya miƙe daga gaban gilashin ya ɗauki gwangwanin abincin kifi da ke kan kabad. Ya buɗe, ya yi bisimilla, ya barbaɗa, ya ce Allah Ya kai ladan kabarin ɗan'uwansa. Jama'a suka ce amin. Kifayen suka taso da gudu suna wawaso, abin da ba su taɓa samu ba a rayuwarsu, kowa ya ga kamar yunwa ce ta kwana biyu. Wani ya ce bayin Allah, sun yi maraici. Na kusa da shi ya karɓi gwangwanin shi ma ya yi tasa sadakar.

Mutanen garin nan sun saba. Mutum ya fito daga ziyara ya sayi alkama ya watsa wa tattabaru da niyyar wani mamaci nasa, ba wanda zai ce don me. To ga masu rai a cikin ɗakin mamacin, nasa na kansa, suna buɗe baki. Kafin a tashi gwangwanin ya zaga majalisa kamar butar gahawa. Ina zaune a layin masu karɓar gaisuwa, hannuna cikin hannun mutane, ina kallo. Ta yaya za ka tashi a gidan makoki ka riƙe hannun dattijo ka ce kada ya yi wa abokinsa sadaka? Na gwada a hankali, na ce wa tela marigayi ba ya ba su da yawa. Ya ce ai ya sani, marigayi akwai tsantseni, Allah Ya gafarta masa, yanzu sai mu cike masa. Na koma na zauna.

Washegari labari ya bazu, har waɗanda ba su san Kawu sosai ba suna tambayar ina gwangwanin. Da ya ƙare, wasu suka murmusa tamis, wani ya jefa 'yar shinkafa daga farantin abincin da maƙwabta suka aiko. Fitila kuma tun safe ake kunna ta don masu zuwa su gani, ba a kashewa sai an kulle gida. An yaye labulen taga saboda a sha iska. Duk dokar da Kawu ya kafa, cikin zaman makokinsa aka karya ta, kowace da addu'a.

Ranar da aka kwashe kujeru ruwan ya yi fari-fari kamar an wanke shinkafa a ciki. Kofin kumfa ya cika ya tumbatsa cikin kabad. Gilashin gaba ya fara yin kore, wani jan yauƙi ya shimfiɗu a kan yashi. Kifayen suna sama suna haki. Da safe na tarar da Mai Shara a kwance gefen dutse, 'yar ƙaguwa tana kansa.

Babban ɗan Kawu, taubashina, haifaffen nan ne. Ka yi masa Hausa ya ba ka amsa da Larabci, in ya ga dama ya jefa kalma ɗaya ta Hausa don kada a ce ya manta. Ya shigo ya toshe hanci, ya ce halas, wato magana ta ƙare, wannan abu ya bi mai shi. Shi Riyad zai koma, ba zai bar tsohuwa cikin takaba da wari da wayoyin lantarki a jiƙe ba. Zai kira mai shagon kifi ya zo ya kwashe abin da ya rage, a zubar da ruwan, a sa kujera a wurin. Na ce masa kai da ko kaza ba ka taɓa kiwo ba, me ka sani. Ya ce ni da na sani ina zaune aka kashe. Muka tsaya a kan zai dawo Juma'a ta sama, in ya tarar da wari ko wani ya sake mutuwa, ba sai ya sake tambayar kowa ba.

Gaskiyar magana ban ƙi ya kwashe ba. Bayana ba na ɗaukar jarka ba ne yanzu. Na je bakin ƙofar Inna na gaishe ta, na faɗa mata yadda aka yi, ina jiran ta ce Allah Ya raka taki gona, tunda ita ce ta yi shekaru tana yaƙi da akwatin nan. Sai ta tambaye ni ko famfon yana aiki. Na ce yana yi. Ta ce daga ɗakinta tana jin ƙararsa ta bango, tun ranar da aka kawo shi take jin ta, kuma tun da aka fita da mai gidan ita kaɗai ce abin da bai canza ba a gidan.

"Kada a kashe shi," ta ce.

Shi ke nan abin da ta faɗa. Na koma majalisa na tuɓe riga.

Kaina bai riƙe komai ba, amma hannuna ya riƙe. Na tsame Mai Shara. Na bi yashi da tiyo ina zuƙe tamis da shinkafar mutane. Zuciyata tana ce mini kwashe ruwan nan duka ka huta, sai in ji muryar Kawu yana cewa hannunka nauyi. Na ɗibi kaɗan na mayar da kaɗan, washegari na sake, na bar duwatsu yadda suke. Soso na matse shi cikin tsohon ruwa. Kofin kumfa safe da yamma nake zubarwa, ina kawar da kai. Na juya bakin famfo sama don ruwan ya riƙa motsi ya sha iska. Na kashe fitilar sama, na ja labule, na lulluɓe akwatin da bargon Kawu, na bar ta ciyawar ƙasa kawai a kunne. Abinci kuwa na ɗora musu azumin da ko Kawu bai taɓa ɗora musu ba.

Saura masu sadaka. Mu ba ma gama gaisuwa a kwana uku, wanda ya ji a makare yana nan tafe, daga Makka, daga Yanbu, kowa kuma ya ji labarin kifin marigayi. Tela ma ya dawo da sabon gwangwani babba da ya saya da kansa. Ya ga bargo, ya ce me ya faru. Ina ta kame-kame, sai matar taubashina ta fito da tire, an ƙulla alkama a 'yan ledoji, ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce Inna ta ce a gaishe shi, a karɓi gwangwanin a kai mata ɗaki ta adana, kifaye suna takaba tare da ita ba sa ganin baƙi. Wanda ke son yi wa marigayi sadaka ga alkama nan, tattabarun gari suna jira. Tela ya ɗauki ƙulli biyu ya tafi yana sa mata albarka. Har yau bai san shi ya fara ba, kuma ba daga bakina zai ji ba.

Ranar Juma'a taubashina ya iso da safe, ya shigo yana shinshina kamar mai neman gas. Inna ta fito cikin mayafinta ta zauna kan kujerar Kawu, karo na farko da na ga ta zauna a majalisar nan. Na yaye bargon. Ruwan bai kai na da ba, amma ana ganin bango ta cikinsa. Jan yauƙin ya tattare, koren gilashin gaba ya yi fari ya saki. Katantanwa suna nan suna aikinsu. Na kunna fitila, ba kowa. Muka tsaya. Sai Hajiya ta leƙo daga ramin, ta fito, Alhaji ya biyo ta, ta juya ta kore shi.

Taubashina ya ce tayyib, wato to shi ke nan, ya fita amsa waya. Bai sake maganar mai shago ba.

Na ɗauki maganaɗisu na goge gaba, na goge gefe. Da yake Mai Shara ba ya nan, kuma ga Inna zaune tana kallo, na ce bari in faranta mata sau ɗaya, na zura hannu da abin kankara zan yi bangon baya. Ta ce in bar shi. Na ce Inna, ke ce fa kike cewa baƙi za su zage mu. Ta ce katantanwa su ci me.

Na tsinko abinci da yatsa biyu daga gwangwanin da ta miƙo mini, ta karɓe abinta ta rufe tun kafin in sake kai hannu. Ta ce Litinin da Alhamis kada in wahalar da kaina tambaya. Sannan ta ce in riƙa biyawa shagon tahliya ranar Alhamis da yamma, Juma'a in zo da wuri, za a ajiye mini tamis.

Na ce, "Inna, shagon nan fa suna kawowa har gida."

Ta ce, "Na sani."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya shayar da shi daga ruwan da ba ya gurɓata. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da kyau. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, in kuma sadaka yake so ya yi, ya nemi tattabaru.